Gidan Wa Ka Sauka? Shawara Ga Mai Binciken Addini a Ƙasar Wurno

Wani ɗalibi mai karatun digiri na biyu ya aiko mini da wasiƙa. Ya ce an amince masa ya yi bincike a kan yadda mutanen Lahodu, a Ƙaramar Hukumar Wurno, suke gudanar da addininsu: karatun allo da na zaure, zikiri, wa'azi, ziyara, da abin da ya sauya daga zamanin kakanni zuwa yau. Ya tsara tambayoyinsa, ya sayi na'urar ɗaukar murya, ya karɓi takardar gabatarwa daga sashensu. Abin da yake so in gaya masa shi ne mutum nawa ya kamata ya yi hira da su kafin a ce aiki ya cika.

Ɗana, ajiye lissafin mutane tukuna. Tambayar da za ta yanke abin da za ka samu a Lahodu kai za a yi wa ita. Ranar da ka isa, kafin ka kwance kaya, wani dattijo zai dube ka ya ce da harshen mutanen wurin, "Gidan wa kas sabka?" Amsar da ka bayar za ta buɗe maka wasu ƙofofi, ta rufe wasu, kuma za ta bi ka shekara da shekaru. Binciken addini a ƙauye da mutane ake yin sa. Su kuwa mutane sukan saba da kai, su amince maka, su ɓata da kai, su tsufa, su sauya ra'ayi, su rasu. Duk wannan yana shiga littafinka ko ka so ko ka ƙi. Abin da ya rage gare ka shi ne ka san yana shiga, ka rubuta yadda ya shiga, kuma ka riƙe haƙƙin waɗanda suka shigar da shi.

Ba kai ne baƙo na farko da ya zo wannan ƙasa da alƙalami da takarda ba. A 1853 Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya yi makonni a Wurno. A lokacin Sarkin Musulmi Aliyu Babba yana zaune a garin, garin da mahaifinsa Muhammadu Bello ya kafa a matsayin ribaɗi, inda kuma aka binne shi a 1837. Abin da Barth ya rubuta game da ilimin ƙasar ya same shi ne daga waɗanda suka yarda suka zauna da shi, irin su Malam Abdulƙadir ɗan Tafa, da kuma littattafan da aka ga dama aka nuna masa. Waɗanda ba su zauna da shi ba, ba su a cikin labarinsa.

Misalin da ya fi kusa da aikinka shi ne na Murray Last. A farkon shekarun 1960 ya zo Sakkwato yana ɗalibin Jami'ar Ibadan, ya zauna ƙarƙashin inuwar Waziri Junaidu, ya karanta wasiƙu da littattafan da ke gidan Waziri. Ya kammala digirinsa a 1964, littafinsa a kan Daular Usmaniyya ya fito a 1967, kuma har yau ba a wuce shi ba. Amma ka buɗe littafin ka ga yawan shafukan da aka ba sarautar Waziri da zuriyar Giɗaɗo ɗan Laima. Wannan ba aibi ba ne. Ta ƙofar gidan Waziri ya shiga, don haka daga zauren Waziri ya hango daula. Daga baya, tun wajen 1969, ya koma Gidan Jatau, wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi, ya zauna da su, ya kuma riƙa komawa wurinsu tsawon gomman shekaru. Rubuce-rubucensa na baya a kan magani, rashin lafiya da zaman waɗanda ba Musulmi ba a cikin Musulmi, daga wancan gidan suka fito. Mutum ɗaya, ƙasa ɗaya, amma masauki biyu sun ba shi idanu biyu.

Saboda haka ka ɗauki maganar masauki da nauyinta. Dole ka bi ta hannun uban ƙasa da hakimin gari, wannan ba zaɓi ba ne, musamman a wannan zamani da baƙon fuska yake tayar da hankalin mutane. Amma idan hakimi ya ce a kai ka gidan wane, ka yi godiya, sannan ka fara tambayar kanka wane ne wannan wane. A ƙauyukan da ke bakin gulbin Rima, daga Wurno har Goronyo, da waɗanda ke wajen Rabah, za ka tarar da gidajen da suka gaji Ƙadiriyya tun zamanin Shehu, da zawiyoyin Tijjaniyya, da masallatan Izala, da mutane masu yawa da ba su ɗauki suna ba, suna dai bin limamin da ya fi kusa da gida. Idan mai masaukinka muƙaddami ne, daga ranar kai ɗan ɗariƙa ne a idon wancan ɓangare, ko da a garinku ba ka taɓa zaman wazifa ba. Idan shugaban makarantar Islamiyya ne, tsofaffin da ke rubutun sha za su gaishe ka da fara'a, su ce maka ai su ba su san komai ba.

Maganin wannan shi ne gaisuwa da wuri. A makon farko, kafin ka yi wa kowa tambaya ko ɗaya, ka roƙi mai masaukinka ya haɗa ka da yaro ya kai ka ka gai da kowane limami da kowane malami mai zaure a garin, har da wanda ba sa ga-maciji da shi. Ka gaya masa a fili: "Baba, aikina ya shafi kowa, ina so in je da saninka." Zai iya yin shiru, zai iya cewa hanya nisa. Ka yi haƙuri ka sake roƙo. Idan ka bari wata biyu suka wuce sannan ka je, za a ce ka gama da naka ka zo leƙen asiri. Idan kuma ka je a ɓoye, labari zai riga ka dawowa gida, kuma ka yi asarar ɓangare biyu a yini ɗaya.

Akwai abin da ɗalibai ba su cika tunawa da shi ba, wato masallaci. Sallar farko da za ka yi cikin jam'i, idanu suna kan hannuwanka. Ƙablu ka yi ko sadlu? Da aka sallame ka ɗaga hannu tare da liman ko ka miƙe? Da aka shimfiɗa farin ƙyalle don wazifa ka zauna ko ka ɗauki takalmi? Kafin isha'i an gama karanta ka. Shawarata ita ce ka yi sallarka yadda kake yin ta a gidanku, a kowane masallaci, ba tare da sauyi ba. Wanda ya kama hannu a nan ya saki a can don neman shiga, ya sayar da abin da mai binciken addini ba ya da madadinsa, wato a yarda da cewa shi mutum ɗaya ne. Mutanen ƙauye suna iya zama da wanda suka saɓa da shi a aƙida, sun daɗe suna yi da 'yan'uwansu na jini. Mai fuska biyu ne ba sa iya zama da shi. Idan aka tambaye ka kai ɗan wane ɓangare ne, ka faɗi gaskiya a taƙaice, ka ƙara da cewa karatu ka zo ɗauka, ba gyara ka zo yi ba. In kuwa mai binciken ba Musulmi ba ne, shi ma ya faɗa tun ranar farko.

Yanzu ga abin da lokaci yake yi, wanda shi ne zuciyar maganar.

A watannin farko kai baƙo ne. Baƙo yana da gata biyu da ba za su daɗe ba. Yana iya yin tambayar da ɗan gari zai ji kunyar yi, kuma yana iya shiga kowane zaure ba a ce ya ci amanar wani ba. Ka yi amfani da wannan lokaci ka tambayi abubuwan da kowa ya ɗauka sananne ne: wa ya kafa wannan masallaci, wa ya karantar da liman, me ya sa ake zuwa ziyara hubbaren Bello a wannan lokaci ba wancan ba, wane littafi ake farawa da shi bayan saukar Alƙur'ani. Amsoshin da za ka samu za su zo a gyare, kamar an goge su. Za a ce maka garin nan kowa ɗan'uwan kowa ne, babu bori, babu saɓani. Kada ka kira wannan ƙarya. Hoton da gari yake so a san shi da shi ne, kuma sanin abin da mutane suke so a ce su ne, shi ma ilimi ne. Ka rubuta shi da daraja.

Bayan ka ci tuwon gidan, ka yi zazzaɓi an yi jinyarka, ka je jana'iza ka ɗauki makara, ka yi azumi tare da su, sai magana ta sauya. Malamin da ya ce maka a gaban almajiransa laya al'adar jahiliyya ce, wata rana kuna tsaye a fadama yana ban-ruwan albasa, injin yana ƙara babu mai jin ku, sai ya gaya maka abin da mahaifiyarsa ta ɗaura masa a ƙugu yana yaro, da dalilin da ya sa har yau bai iya jefar da shi ba. Wannan ita ce irin maganar da mai bincike yake mafarkinta. Amma ka lura da abin da ya faru. Ba ɗalibin jami'a ya gaya wa ba, ɗansa ya gaya wa. Kuma tun daga ranar akwai tambayoyin da ba za ka iya sake yi masa ba, domin ɗa ba ya yi wa uba irinsu. Kusanci yana ƙara maka abin da kake ji, yana rage maka abin da za ka iya tambaya da abin da za ka iya bugawa. Wanda bai shirya wa wannan ba, yakan wayi gari da littafin rubutu cike da abin da ba zai iya amfani da shi ba, ko kuma ya yi amfani da shi ya ɓata zumuncin shekaru.

Don haka ka tsara littafin rubutunka tun daga ranar farko ta yadda zai riƙe wannan sauyi. Ka raba kowane shafi biyu. A dama ka rubuta abin da aka faɗa. A hagu ka rubuta kwanan wata, wurin da aka yi maganar, zaure ne ko gona ko bakin kasuwar Achida, waɗanda suke zaune, wanda ya kawo ka, ko an ga na'ura a hannunka, da yadda kuke da mai maganar a wannan rana: yau muka fara haɗuwa, ko jiya na kai ɗansa asibiti, ko yana fushi da ni don na ci abinci a gidan wane. Bayan shekara biyar ɓangaren hagu zai fi na dama amfani a wurinka. Shi ne zai nuna maka cewa maganganu biyu masu karo da juna daga bakin mutum ɗaya ba ruɗu ba ne, matsayinka ne ya sauya tsakaninsu. Ita kuwa na'urar ɗaukar murya, ka bar ta a jaka har sai mutum ya san ka, kuma kada ka taɓa kunna ta ba da izini ba, ko da wa'azi ne ake yi da lasifika.

Garin ma ba ya tsayawa yana jiran ka. Adeline Masquelier ta fara aiki a Dogon Dutsi, a ƙasar Arewa ta Nijar, a ƙarshen shekarun 1980, kuma abokan zamanta na farko 'yan bori ne. Littafinta na 2001 a kansu yake. Da ta ci gaba da komawa sai ta tarar muhawarar garin ta koma tsakanin Musulmi da Musulmi, a kan bidi'a, suturar mata da tsadar aure, littafinta na 2009 kuma ya bi wannan. A 2019 ta fitar da wani a kan samarin da ke zaman fada suna dafa shayi. Da ta je sau ɗaya ta dawo, da ta bar wa duniya hoton gari ɗaya daskararre. A namu ɓangaren, tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da wuya ka sami ƙauyen da muhawarar ba ta shiga ba, kuma sau da yawa ta cikin gida take shiga: yaro ya tafi karatu Sakkwato ko cin-rani kudu, ya dawo ya daina zaman zikiri tare da mahaifinsa.

Wannan zai same ka kai tsaye ta hanyar ɗan rakiyarka. Saurayin da aka haɗa ka da shi yana kai ka gida-gida, yana fassara maka abin da tsofaffi suka faɗa da Fulatanci ko tsohuwar Hausar Sakkwato, shi ne ya fi kowa tasiri a kan aikinka, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi a rubutu. Shi yake zaɓar ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Shi yake cewa wancan tsohon ya rikice, kada mu ɓata lokaci. Ka riƙa tambayarsa dalili, kuma wani lokaci ka ce a je wurin wancan tsohon. Bayan shekaru kana iya dawowa ka tarar ya zama mai wa'azi, yana sukar abin da ya taɓa raka ka kallo. Shi da mahaifinsa kowa zai ja ka gefe yana so ka ce shi ke da gaskiya. Ka saurari kowa har ya gama, kada ka kai maganar wannan wurin wancan, kuma kada ka yarda a mai da kai alƙali. Idan suka matsa, ka ce kai ɗa ne a gidan, ɗa kuwa ba ya raba gardamar manya. Ka biya shi haƙƙin aikinsa da kuɗi bayyananne, kuma idan ya yarda ka sa sunansa a littafin a matsayin abokin aiki.

Sai maganar mata, wadda ita ce rabin addinin garin, kuma kai namiji ba za ka gan ta ba. Iyakarka zaure. Abin da ake koya wa yara kafin su je makaranta, waƙoƙin wa'azi da ake rerawa ana daka, abin da ake yi wa mai jego da mai ciwon iska, karatun matan aure, duk suna bayan katanga. M. G. Smith ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, amma matarsa Mary ce ta zauna da Baba ta Karo har aka sami littafin da ya fito a 1954, wanda ya nuna rayuwar matan Hausa daga bakin ɗayarsu. A nan Sakkwato kuwa akwai Jean Boyd, wadda ta zo Nijeriya a 1955 tana malamar makaranta, ta yi fiye da shekara ashirin da biyar a ƙasar. Dogon zama da amincewar Waziri Junaidu su suka kai ta ga rubuce-rubucen Nana Asma'u, zama da mata kuma ya nuna mata cewa tsarin 'Yan Taru da jajinsu, wanda Nana ta kafa don karantar da matan ƙauyuka, bai mutu da rasuwarta a 1864 ba. Littafinta a kan Nana ya fito a 1989, tarin ayyukan Nana da Boyd ta haɗa tare da Beverly Mack kuma a 1997. Ka dubi tazarar da ke tsakanin zuwanta da waɗannan shekaru. Saboda haka ka nemi ɗaliba abokiyar aiki wadda za ta shiga cikin gida, ta sami uwar ɗaki a can, ta yi nata littafin rubutu. Idan hakan bai samu ba, ka rubuta a shafin farko cewa aikinka a kan addinin mazan Lahodu ne. Wannan gaskiyar ta fi a sa wa rabin gari sunan gari duka.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Ka je wurin malami da goro ko abin sadaka kamar yadda kowane mai neman karatu yake yi. Kada ka sa farashi a kan hira, domin da zarar an ji ana biya za a fara ƙera maka labari. Buƙatu za su ƙaru da ƙaruwar sabo: kuɗin magani, neman wa yaro gurbin karatu, taki. Ka yi abin da za ka iya a matsayin ɗan gida, ka ce ba za ka iya ba a inda ba za ka iya ba, kuma kada ka yi alkawarin da takardar digiri ba za ta cika ba, irin su rijiya ko ginin makaranta.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne amana, kuma a gabashin Sakkwato yau amana ta haɗa da rai. Ka san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan gundumar Gandi ta Rabah a 2018, da harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021. Mutanen yankin suna rayuwa da tsoron 'yan bindiga da tsoron masu kai musu rahoto. Baƙon da yake yawo da littafi yana tambayar wa ke ba masallaci kuɗi, wa ya fi yawan almajirai, wa ya je Makka bana, yana tattara irin bayanin da ɓarayin mutane suke nema. Kada ka rubuta sunaye da dukiya a wuri ɗaya. Ka yi wa mutane laƙabi a littafinka, ka bar makullin laƙabin a gida, kada ya bi ka hanya. Ka sa wa wayarka mabuɗi, ka riƙa kwashe muryoyin da ka ɗauka kana ajiyewa a wani wuri. Idan mai masaukinka ya ce yau ba a bin wannan hanya, ko ya ce ka koma Sakkwato sai an kira ka, ka tashi ba gardama. Ya san abin da ba zai faɗa ba, kuma idan wani abu ya same ka shi za a tuhuma.

Ko babu 'yan bindiga, sauya suna ba ya ɓoye mutum a ƙaramin gari. Idan ka rubuta cewa wani limami mai ɗingishi ya ce kaza, ka kira sunansa ke nan. Akwai abin da za ka ji wanda zai iya raba aure, ko ya sa a tsige mutum daga limanci, ko a daina gaisawa da shi a kasuwa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Irin wannan magana tana iya gyara fahimtarka, ta hana ka rubuta shirme, ba tare da ita kanta ta hau takarda ba. Ina ganin wannan shi ne mafi girman amfanin sirrin da aka ba mai bincike. Kuma izinin da mutum ya ba ka yana ɗan shekara talatin ba shi ne izininsa ba yana ɗan hamsin da matsayi a gari. Idan za ka sake buga tsohuwar hira, ka koma ka sake tambaya.

Za a yi rasuwa. Malamin da ya fi kowa buɗe maka zuciya, galibi tsoho ne, kuma wata rana waya za ta zo. Ka je ta'aziyya da ƙafarka in hanya ta ba da dama, ka zauna zaman makoki ba tare da littafi ba. Daga nan dangantakarka ta koma hannun magada, waɗanda ba lallai su ɗauke ka yadda ya ɗauke ka ba. Idan ya taɓa barin ka ka ɗauki hoton littattafansa na hannu, na Larabci ko na ajami, ka buga kwafi mai kyau ka kai wa iyalinsa. Gara da ruwa suna cin takarda, waɗanda suka ga ambaliyar 2010 a kwarin Rima sun san abin da ruwa yake yi wa gidan ƙasa da abin da ke cikinsa. Yana yiwuwa hoton da ke hannunka ya zama shi kaɗai ya rage. Kada ka miƙa shi ga wata cibiya, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu ko Gidan Arewa na Kaduna, sai da yardar magada, duk da cewa ajiyewa a irin waɗannan wurare alheri ne kuma ya kamata ka nuna musu hakan. Muryarsa da ka ɗauka ma ka ba su. Jikokinsa za su so su ji.

Tsakanin zuwa da zuwa, waya za ta riƙe maka zumunci, amma kada ka ɗauka tana yi maka bincike. Waɗanda suke kiran ka suna turo maka wa'azi ta WhatsApp samari ne masu karatun boko. Tsohuwar da ta haddace waƙoƙin wa'azi da dattijon da ba ya son magana a waya za su ɓace daga kunnenka a hankali, sai ka ɗauka garin duka ya koma ra'ayin masu waya. Zumunci a ƙafa yake, wannan aikin ma haka. Kuma ka riƙa zuwa a lokuta dabam-dabam. Garin da ka gani a watan azumi, masallaci cike ana tafsiri, ba shi ne za ka gani ba a tsakiyar aikin shinkafa ko lokacin da samari suka tafi cin-rani.

Idan ka gama rubutu, kafin ka kai wa malamanka na jami'a su sa hannu, ka koma Lahodu da shi. Da Turanci za ka rubuta, na sani, amma ka fassara babi-babi da baki, ka karanta wa waɗanda maganarsu ke ciki, kowane ɓangare a zaurensa. Za su gyara maka sunayen malamai da silsilar karatu, wannan riba ce tsantsa. Za kuma su ƙi wasu abubuwa. A nan sai ka bambance iri biyu. Idan suka ce wannan zai cutar da wane, ka cire ko ka sake lulluɓe shi. Idan kuwa suka ce ba su yarda da fassararka ba, misali ka ce saɓanin masallatai biyu yana da alaƙa da rikicin gona su kuma suka ce aƙida ce zalla, ba dole ka janye ba. Ka bar ra'ayinka, ka rubuta nasu kusa da shi da kalmominsu, ka faɗi cewa kun saɓa. Sannan ka ware kuɗin buga taƙaitaccen bayani da Hausa, shafi ashirin ko talatin, da boko da ajami in zai yiwu, ka kai wa hakimi, da kowane limami, da makarantar matan aure, da gidan da ka sauka.